Muntari Maƙeri da Zugazugin Motar Albasa

Muntari maƙerin Jega ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Kakata Zaituna ita ce autarsa, kuma a bakinta na ji abin da zan faɗa. Ita ma ba ta ga abin da idonta ba, uwarta Barakatu ce ta ba ta labari, ita kuwa Barakatu a gabanta aka yi komai.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, gemunsa bai taɓa kai tsawon ɗan yatsa ba saboda tartsatsin wuta. Hauya yake ƙerawa da lauje da gatari, kuma manoman albasa na Aliero ba sa yarda da ƙirar kowa sai tasa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi. Ya taɓa yi wa turmin Barakatu murfi mai rami a tsakiya don kada gero ya riƙa tsalle waje, taɓarya ta maƙale a ramin, aka kwana biyu ana kai daka maƙwabta. Ya kuma yi wa jakin wani maƙwabcinsa takalman ƙarfe, jakin ya yini a tsaye yana kallon ƙafafunsa, ya ƙi ko motsi.

A shekarun da Turawa suka sa aka share hanyar mota ta ratsa ƙasar, wani falke mai suna Lawali ya sayo tsohuwar babbar mota daga kudu, mai jikin katako, ya ɗauki Dalhatu ɗan Jandutsi ya zama direbanta. Dalhatu ya yi shekaru a Zungeru yana wanke motocin Turawa har ya iya tuƙi, ya dawo gida da wata jar hula da kalmomi irin su kafireto da lagireto, waɗanda ba wanda ya san ma'anarsu sai shi. Lawali ya damƙa masa motar, ya ce ya riƙa ɗauko albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega, shi kuma ya kama hanyar Gwanja sayen goro.

Motar ta tsufa ƙwarai. Ko makulli ba ta da shi. In za a tashe ta sai a juya wani ƙarfe a gabanta, in za a kashe ta sai Dalhatu ya ɗaga murfin inji ya toshe inda take shaƙar iska da hularsa. Tsakanin Aliero da Jega akwai wani hawa a bayan kwazazzabo, ba wani hawan kirki ba, amma duk ranar kasuwa a nan take tsayawa. Fasinja su sauka su tura, masu jakuna su zo su wuce su suna yi musu sannu da aiki.

Wata rana ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya karye, Dalhatu ya kawo wa Muntari gyara. Muntari ya gama ƙira ya ce sai ya ɗaura da hannunsa. Da ya ɗaura, maimakon ya koma maƙera, sai ya shiga kewaya motar yana ƙwanƙwasa ta.

"Wai shin, Dalhatu, mi ka tahiya da abin ga?"

"Wuta," in ji Dalhatu. "Wuta na nan cikin inji, tana cin hetur."

"Wuta? To wa ka zuga ta?"

"Ba kowa. Ita ka shaƙar iskarta da kanta."

Muntari ya ajiye masabar da ke hannunsa. Tun yana ɗan shekara bakwai yake zaune gaban wuta, bai taɓa ganin wutar da ta yi aikin kirki ba tare da an zuga ta ba. Ya ce a nuna masa hancin. Dalhatu ya ɗaga murfi, ya nuna masa wani ɗan baki a gefen inji, ya ce wannan shi ne bakin kafireto, a nan iska ke haɗuwa da fetur. Muntari ya zura yatsa ya ji abu mai tauri. Ya sa tsinke ya tono, sai ga gidan zanzaro guda, da ɓawon albasa, da gashin kaza.

"Ashe ba tsuhwa ad damuwatta ba," in ji shi. "Mura taka yi."

Dalhatu ya yi dariya, kuma wannan dariyar ce ta ja masa duk abin da ya biyo baya, domin Muntari ya ɗauke ta a matsayin izini.

Washegari ya yanka garwar fetur, ya naɗe ta ya yi bututu mai kauri kamar damtse. Ya huda murfin injin ya fito da bututun sama, ya buɗe bakinsa kamar na kakaki, wai don motar ta sha iska mai sanyi, ba zafin cikinta ba. Saura abin da zai hana zanzaro komawa. Ya shiga gida ya duba nan ya duba can, ya fito da rariyar tankaɗen Barakatu a cikin riga, ya ɗaura ta a bakin bututun.

Da la'asar Barakatu ta fito neman rariya, wata maƙwabciya ta ce ai ga ta can a kan mota tana zagaya gari. Ta tsaya a ƙofar maƙera, hannu a ƙugu.

"Malam, yau tuwo da tsaki za ka ci, ko za ka tahi wurin mota ta tuƙa ma?"

Ya ci da tsakin.

Abin mamaki, gyaran ya yi. Ranar kasuwar da ta biyo, motar ta kai rabin hawan kafin ta tsaya, kuma mutum huɗu kaɗai suka tura ta. Dalhatu ya zo yana murna. Muntari kuwa ransa ya ɓaci, ya ce motar da har yanzu ake turawa ba a gama da ita ba. Ya tafi wurin Tamu baduku, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ce ya ɗinka masa zugazugi biyu, amma ba na fatar akuya ba, na fatar sa.

Tamu ya dube shi. "Dutsi za ka narkarwa?"

"Kai dai ɗinka."

Da aka gama, kowane ɗaya ya kai girman taikin hatsi. Muntari ya kafa katako a gefen motar, sama da tayar gaba, ya ɗaure su a kai, ya haɗa bakunansu da bututun. Ya koma da rariyar kan ramin da zugazugin ke jan iska. Aka fita bayan kasuwa gwaji, rabin gari ya biyo su.

Dalhatu ya tashi motar. Muntari ya hau katako, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya danna da ƙarfinsa duka. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya yi wata irin ƙara kamar an harba bindiga. Wuta ta koma baya ta cikin bututun, zugazugin dama ya kumbura ya wurga Muntari cikin kwandunan wata mai sayar da daddawa. Mutane suka watse. Wani raƙumi da ke durƙushe ya miƙe da kayansa ya nufi gulbi. Dalhatu ya fito daga mota babu gira ko ɗaya.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Muntari ya kwana uku yana warin daddawa yana tunani, rana ta huɗu ya sami Dalhatu.

"Na gano. In ka yawaita iska ba ka ƙara gawayi ba, wuta tartsatsi taka yi ta mutu. Gawayinta hetur na. Akwai inda aka ƙara mata?"

Akwai kuwa. Wani ɗan ƙarfe ne a jikin kafireto da ake murzawa. Dalhatu ya shafa inda girarsa take a da, ya ce shi dai ba ya so. Amma masu jakuna sun riga sun sa masa suna Direban Turi, har yara na rera masa, saboda haka ya murza. Muntari kuma ya sa Tamu ya yanko 'yar fata mai kauri aka rataya ta a cikin bututun kamar harshe, iska ta shiga ta ɗaga ta, wuta in ta juyo ta rufe.

Wannan harshen fatar ya hana wuta dawowa, sai dai ya zo da nasa hali. Duk lokacin da iska ta bi ta kansa sai ya yi wani kuka mai kauri, mai tsawo, daidai kukan saniya da aka raba da ɗan maraƙinta. A lokacin ba wanda ya damu da wannan.

Ranar kasuwa aka ɗauko albasa daga Aliero, Muntari na kan katako yana zuga, dama da hagu, dama da hagu. Da aka zo hawan, fasinja suka fara tattara riguna za su sauka kamar kullum, sai motar ta yi kuka ta haye. Ba wanda ya taɓa ta. Dalhatu ya cire jar hularsa yana kaɗa wa masu jakuna. Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa.

Amma daga Aliero zuwa Jega tafiya ce, kuma fatar sa ba fatar akuya ba ce. Da aka iso, hannuwan Muntari suka ƙi sauka. Haka aka sauko da shi, hannu biyu a miƙe gaba kamar mai karɓar kyauta. Kwana uku Barakatu na ba shi fura a baki da ludayi, tana faɗa masa abin da ke ranta, shi kuwa ba shi da hannun toshe kunne.

A wannan kwanciyar ne ya ce ai wauta ce mutum ya yi zuga alhali ga taya tana juyawa a banza. Da ya warke ya ƙera wani ƙarfe mai gwiwa ya ɗaura a tayar baya, ya haɗa shi da doguwar gwangwala har zuwa hannun zugazugan. Taya ta juya, gwangwala ta yi gaba da baya, zugazugi ya zuga kansa. Ya ce a gwada a hanyar Maiyama, tunda akwai masu son a kai musu albasa can. Barakatu 'yar Maiyama ce, ta daɗe ba ta ga danginta ba, sai ta ce za ta bi su, in ma mutuwa za a yi gara a yi kusa da gidansu.

Aka tashi da hantsi. Rani ne, gulbi ya janye, sai rairayi da ɗan ruwa iya idon sawu. A tsakiyar rairayin motar ta nutse ta tsaya. A nan aibin sabuwar dabarar ya fito: sai taya ta juya ake samun iska, kuma sai an sami iska taya ke juyawa. Inda aka fi bukatar zugazugin, a nan ya yi shiru. Fasinja suka sauka suka tura kamar yadda suka saba, har aka fitar da ita bakin gaɓa, injin ya mutu.

Dalhatu ya koma gulbi ɗebo ruwan da zai zuba a lagireto don sanyaya inji. Muntari ya ga dama ta samu, ya kwance bututun, ya leƙa cikin kafireto, ya sa awartaki ya ciro wani abu ya jefa aljihu, ya mayar da komai. Da Dalhatu ya dawo ya zauna a mazauninsa, fasinja suka hau, Muntari ya juya ƙarfen gaba. Motar ta tashi da wata ƙara da ba a taɓa jin ta yi ba. Dalhatu ya sa giya, ta zabura, da kyar Muntari ya kama katako ya ɗare.

Daga nan hanya ta yi tauri, tsakuwa ce ja. Taya ta ƙara gudu, zugazugi ya ƙara zuga, inji ya ƙara ƙarfi, taya ta sake ƙara gudu. Dalhatu ya sassauta totur, bai ji an rage komai ba. Ya taka burki, burki ya yi hayaƙi.

"Muntari! Mi kat taɓa?"

"Ba komi! Wani ɗan marhi nig gani cikin maƙogwaronta shina tare iska, sai nic cire shi!"

"Shi na totur! Da shi aka rage gudu!"

"To ai ga shi nan aljihuna, bai ɓace ba!"

Dalhatu ya cire hula don ya toshe hancin motar kamar yadda ya saba, sai ya tuna hancin yanzu yana can cikin zugazugi. Ya mayar da hular, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kama salati. A baya buhunan albasa na tsalle, fasinja na tsalle a kansu. Harshen fata kuma yana ta kuka ba hutu, ana ji daga nesa.

Wani Bafillace mai suna Rufa'i yana kiwo a gefen hanya, yana jingine da sandarsa. Shanunsa suka ɗaga kai gaba ɗaya. Uwar garken ta amsa kukan, ta kama gudu, saura suka bi ta, har da wani farin bijimi mai manyan ƙahoni. Rufa'i ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ko waiwaye ba su yi ba. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu ya bi bayansu.

Da rumfunan kasuwar Maiyama suka fara bayyana, Barakatu ta ga in aka bar wa mazan nan, cikin masu sayar da tukwane za a ƙare. Ta kwance bakin buhu, ta zaɓi albasa mafi girma, ta rarrafa ta kan kayan har ta kai kusa da mijinta. Ta fizge rariyarta daga ramin iska ta cusa a zani, ta danna albasar a ramin da tafin hannu. Ta sake ɗauko wata ta toshe na biyun.

"Barakatu, za ki shaƙe ta!"

"Abin da nika so ke nan!"

Injin ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya mutu. Motar ta ci gaba da gangarawa a hankali har ta je ta dafa wata tsamiya a bakin kasuwa ta tsaya. Fasinja suka sauka, wasu suka zauna a ƙasa, wani dattijo ya ce daga yau shi da jakinsa sai mutuwa.

Ba su gama shan iska ba sai ga shanu. Suka kewaye motar suna shinshina, suna nema. Farin bijimin ya zo ya dubi zugazugin hagu, bai gamsu da shi ba, ya soke shi da ƙaho ya yage. Can sai ga Rufa'i, numfashi sama-sama, yana nuna Dalhatu da sanda yana cewa ga ɓarayin shanu.

Aka kai magana gaban mai garin. Rufa'i ya ce shekara talatin yana kiwo, ya ga ɓarawo mai igiya, ya ga mai gishiri, amma bai taɓa ganin wanda ya saka saniya a cikin ƙarfe don ta kira 'yan'uwanta ba. Dalhatu ya rantse ba saniya a motar. Mai gari ya ce a kawo abin ya gani. Aka kwance zugazugin da ya tsira tare da bututunsa, aka cire albasar, aka shigo da shi. Muntari ya fara bayanin iska da gawayi, mai gari ya ce ya bar bayani ya nuna.

Muntari ya danna sau ɗaya. Shanun da ke waje suka amsa, suka ture zanan gidan suka shigo. Mai gari da dattawansa suka ƙarasa shari'ar a kan wani rumbu.

Daga can sama ya yanke hukunci: ba a yi sata ba, amma wanda ya kawo shanun shi zai mayar da su. Rufa'i ya gwada kora, suka ƙi barin zugazugin. Ba yadda za a yi, sai aka ɗaura wa Muntari shi a baya da igiya, bututun ya leƙo ta saman kansa. Ya shiga gaba yana tafiya yana jan hannun zugazugin, yana kuka kamar saniya, garke na biye da shi, Rufa'i a can baya yana ɗauke da sandarsa a kafaɗa. Mutanen Maiyama suka jeru a hanya suna kallo. 'Yan'uwan Barakatu suka tambaye ta ko wancan ne mijin nata, ta ce rana ta yi mata yawa, ba ta gani sosai.

Da suka isa ruga, fushin Rufa'i ya riga ya huce. Ya sa aka kawo wa Muntari kindirmo a ƙwarya, ya zauna yana jujjuya zugazugin, sannan ya ce ko za a bar masa, domin tattara shanu da yamma na ba shi wahala. Muntari ya dubi kafaɗunsa da igiya ta ci, ya ce ya bar masa. Daga ranar suka zama aminai. Duk kaka in Rufa'i ya ratso ta Jega sai ya tsaya a maƙera.

Dalhatu ya karɓi ɗan marfinsa ya mayar da shi cikin kafireto da hannunsa, ya kwance gwangwala ya jefar. Da Lawali ya dawo daga Gwanja, labari ya riga ya tare shi tun a Yawuri. Ya zo ya kewaya motarsa, ya ga ramin da aka huda a murfi, ya ce a cire duk abin da maƙeri ya sa. Dalhatu ya roƙi a bar bututun da Muntari ya sake naɗawa a madadin wanda ya tafi ruga, tunda shi kam ya yi amfani. Aka bar shi, aka ɗaura masa ƙyalle a baki, kuma da shi motar ta yi sauran shekarunta huɗu.

Bayan shekaru, Dalhatu ya je Kaduna ya dawo ya gaya wa Muntari cewa wani makanike ya ce masa Turawa ma suna da irin wannan, wani abin ƙarfe mai juyawa da ke tura wa inji iska da ƙarfi. Muntari ya ce shi bai gaya wa kowa ba sai Tamu, kuma ya san Tamu da surutu. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar Tamu.

Da motoci suka yawaita, direbobi suka riƙa kawo masa ƙarfen da ya karye, domin ba wanda ya kai shi iya haɗa ƙarfe a duk yankin. Amma a hannu suke kawowa, motar kuwa su bar ta can bayan masallaci. Da ƙarfinsa ya ragu ya koma Birnin Malam wurin babban ɗansa, ya kama noman gero kaɗan. A can ya rasu cikin wata damina, ya bar wata garma mai baki biyu da ya fara ƙerawa bai gama ba. 'Ya'yansa sun yi shawara a kanta, suka ga gara kada kowa ya ƙarasa ta.